Mu 'Yan Bi-da-bi: Hirar Wasannin Japan a Majalisarmu

Mu a layinmu, in aka ce gem to ƙwallo ake nufi. Yaro ya shiga gidan gem, ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya ɗauki Madrid, abokinsa ya ɗauki Barsa, kafin minti goma an tashi, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba hannun gem. Haka muka taso, haka ƙannenmu suke yi, kuma ba laifi. Amma akwai mu, 'yan tsiraru, da muke taruwa a shagon mai cajin waya bayan sallar isha'i muna buga wani irin wasa daban. Wasannin Japan ne masu dogon labari, waɗanda za ka ɗauki jarumi tun bai zama kowa ba, ka tara masa abokan tafiya, ka saya musu makamai da magunguna, ku yi ta ratsa garuruwa har ku isa gaban babban bos. Wasa ɗaya sai ya ci awa sittin, wani ya haura ɗari. Masu wucewa kan leƙo su ce, "Wai ku fim kuke kallo ko gem kuke yi?"

Japanawa sun ƙera waɗannan wasanni ne don mutum ɗaya, shi kaɗai a ɗakinsa. Mu ba haka muke yi ba. Mutum ɗaya ke riƙe da hannun gem, malamin makarantar da ke cikinmu yana karanta Turancin da ke fitowa a ƙasan allo yana juya mana shi da Hausa, sauran kuma kowa da shawararsa. "Ka ba wancan magani, zai mutu!" "A'a, ka doki na hagun tukuna, wuta yake tsoro." Wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara ya san yadda abin yake: biyu ke wasa, goma ke faɗa musu inda za su ajiye ɗa. Shi ya sa ma'auninmu ya bambanta da na masu rubutu a mujallun Turai. Wasan da ya fi kyau a wurinmu shi ne wanda zai ba majalisa abin tattaunawa, ya kuma jira mu in an kira salla ko wani ya zo karɓar wayarsa.

Duk sanda baƙo ya zauna ya ce, "To ni da wanne zan fara?" sai gardama ta tashi. Mai shagon, wanda duk muke kira Yaya don ya girme mu, amsarsa ɗaya ce kullum: Dragon Quest XI. Yakan ce, "Ƙanena, kada ka fara da abin da zai kore ka." Wasan ya fito a Japan a 2017, ya isa sauran duniya a 2018, sannan aka fitar da ingantaccensa mai harafin S a ƙarshen suna, a kan Switch a 2019, a kan PS4 a 2020. Jerin wasannin kuwa tun 1986 ake yin su, kuma har yau Yuji Horii ne ke tsara su. Fuskokin mutanen ciki ba baƙi ba ne ga duk yaron da ya kalli Dragon Ball, domin hannun Akira Toriyama ne ya zana su, wanda ya mutu a watan Maris na 2024. Labarin mai sauƙi ne: saurayi ɗan ƙauye aka ce masa shi ne zai ceci duniya, ya je gaban sarki ya gabatar da kansa, sarki ya sa aka jefa shi kurkuku. Faɗan ciki na bi-da-bi ne, wato kai ka kai hari, abokin gaba ya rama, kuma babu mai motsi sai ka zaɓi abin da za a yi. Yaya yana iya ajiye hannun gem a tsakiyar faɗa, ya cire wa mutum wayarsa daga caji, ya ba shi canji, ya dawo ya tarar dodon yana nan yana jiransa. Ina goyon bayansa a kan wannan. Ba shi ne mafi zurfin labari ba, amma shi ne mafi iya karɓar baƙo. Wanda ya gama shi ya ji yana son ƙari, akwai Dragon Quest III da aka sabunta aka fitar a Nuwamban 2024.

Telan layinmu ba ya bari Yaya ya rufe baki. Shi Persona 5 Royal ne nasa, kuma abin da ya fara jan sa shi ne ado. Ja da baƙi da fari, yadda rubutu ke tsalle a allo, yadda aka yanka rigunan yaran. Yakan tsayar da wasa don kawai ya duba wuyan kwat. Kamfanin Atlus ne ya yi shi, ya fito a Japan a 2019, sauran duniya a 2020, sannan a 2022 aka kai shi Switch da Xbox da kwamfuta. Ɗalibin sakandare ne ya hana wani babban mutum cin zarafin wata mata, babban mutumin ya ƙulla masa sharri, aka tura shi Tokyo ya yi shekara ɗaya ƙarƙashin sa ido, yana kwana a saman wani shagon kofi. Shi da abokansa suka sami hanyar shiga zukatan azzalumai su sace muguwar sha'awar da ke ciki, har azzalumin ya fito da bakinsa ya amsa laifinsa. Na farkon da suka kama malamin wasanni ne da ke dukan ɗalibai yana lalata da 'yan mata, hukumar makaranta kuma ta rufe ido don yana kawo mata suna. A wannan wurin Malam ya daina fassara na ɗan lokaci, ya ce irin wannan rufe ido ba a Japan kaɗai ake yin sa ba, muka bar wasan muka shiga zancen har aka rufe shago.

Abin da ya sa Persona ta dace da majalisa shi ne kalanda. Kowace rana a cikin wasan lokacinka ƙayyadadde ne: ko ka yi karatun jarrabawa, ko ka je aikin neman kuɗi, ko ka zauna da aboki don zumuncinku ya ƙaru, ko ka shiga fadar azzalumi kafin wa'adi ya cika. Ba za ka iya yin duka ba, don haka kowace yamma sai an yi shawara. Aibinta biyu ne a wurinmu. Tsawonta ya wuce awa ɗari, kuma a cikin fada ba a ko'ina ake sebin ba, sai ka isa ɗakin tsira, wanda ke nufin in an ɗauke wuta kafin ka isa, aikin ya tafi. Na biyu, akwai soyayya da wasu shigogi da ba ma so ƙananan yara su tsaya kallo.

Mai adaidaita sahun da ke zuwa a makare, bayan ya ajiye mashin, shi ba ruwansa da 'yan makaranta. "Ku ba ni Ichiban," in ji shi. Yana nufin Yakuza: Like a Dragon na kamfanin Sega, wanda ya fito a 2020. Ichiban Kasuga ɗan daba ne da ya ɗauki laifin kisan da bai yi ba saboda biyayya ga ubangidansa, ya yi shekara 18 a gidan yari, daga 2001 zuwa 2019. Ya fito babu wanda ya zo tarbarsa. Da ya nemi ubangidan, harbinsa ya yi, ya farka a kan bola a birnin Yokohama cikin marasa matsuguni. Jarumi ne da ya haura arba'in, ba shi da sisi, yana leƙa ƙarƙashin injinan sayar da lemo ko zai tsinci tsaba, yana tara gwangwanaye yana sayarwa. Abokan tafiyarsa su ne wani tsohon ma'aikacin jinya da ya koma kwanan titi, da ɗan sandan da aka kora daga aiki, da wata mai aiki a mashaya. In kana so ka sauya musu salon faɗa, ofishin neman aiki za ka kai su, wannan ya zama mai dafa abinci, wancan ya zama mawaƙi ko mai gadi. Wasan cike yake da ban dariya, amma zuciyarsa maganar mutanen da gari ya yar ce, da 'yan siyasar da ke son share su da sunan tsafta. Na biyunsa, Like a Dragon: Infinite Wealth, ya fito a Janairun 2024, inda Ichiban ya tafi Hawai neman mahaifiyarsa, ya haɗu da tsohon jarumin jerin, Kazuma Kiryu, wanda ciwon daji ya kama. Faɗan na biyun ya fi daɗi, don kana iya matsawa kafin ka kai hari ka tura abokin gaba ya faɗa kan ɗan uwansa, amma labarin na farkon ya fi kama zuciya. Dukansu suna kan PS4. Dukansu kuma na manya ne, akwai mashaya da caca da rayuwar dare, don haka sai an sallami yara muke sa su.

Mutum ɗaya ne a cikinmu yake da PS5, ma'aikacin banki ne, yakan kawo ta ranar Asabar a cikin jakar goyo. Ta dalilinsa muka ga Final Fantasy VII Rebirth, wanda ya fito ranar 29 ga Fabrairun 2024. Ranar da aka fara sa shi har masu ƙwallo suka bar layinsu suka zo kallo. Asalin labarin na 1997 ne, Square Enix ta raba shi kashi uku tana sake gina shi; kashi na farko, Remake, ya fito a 2020 a kan PS4, kuma wanda bai buga shi ba ba zai gane kan na biyun ba. Kamfani ne mai suna Shinra yake zuƙe ran ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki, masu kuɗi suna zaune a saman birni, talakawa a ƙarƙashi ba sa ganin rana, su Cloud da Barret da Tifa da Aerith suka tashi yaƙarsa. Kiɗan wasan ya ci kyautar shekara a bikin The Game Awards na 2024, kuma ya cancanta. Ra'ayina dai shi ne an cika masa kaya. Kana tsakiyar bin sawun Sephiroth, babban abokin gabarsu, sai a tsayar da kai tseren tsuntsaye ko kiɗan fiyano. Wasan karta na ciki, Queen's Blood, shi kam ya tafi da mu, har akwai daren da ba mu taɓa labarin ba sam. A sani kuma faifai biyu ne, girmansa ya kusa giga 150, wanda zai sauke shi ta intanet sai ya shirya wa data.

Final Fantasy XVI na 2023 Yaya bai yarda ma a sa shi a lissafi ba. Yana da kyan gani, labarin jaruminsa Clive da bayin da ake yi wa alama a fuska yana da nauyi, amma faɗan na saurin yatsa ne, mutum ɗaya ke yi, sauran sai kallo. Akwai jini da tsiraici kuma. Tales of Arise na 2021 ma saurin yatsa ne, sai dai ya fi sauƙin kallo da jama'a.

Ɗalibin jami'ar da ke cikinmu Switch ce da shi, kuma daren da babu wuta, batirin shago ya yi ƙasa, shi ne sarki, sai mu matsa mu kewaye ƙaramin allonsa. Shi yake yabon Xenoblade Chronicles 3 na 2022: ƙasashe biyu, Keves da Agnus, suna yaƙin da ba ya ƙarewa, sojojinsu kuma shekara goma kacal aka ba su a duniya, ana haifarsu don yaƙi su mutu a yaƙi. Aikin jarumin, Noah, shi ne busa sarewa don sallamar waɗanda suka faɗi. Wasa ne mai ratsa jiki, illa dai allon yakan cika da lambobi da alamomi har mai kallo ya rasa wa ke dukan wa. Octopath Traveler II na 2023 ya fi shi dacewa da mu. Matafiya takwas ne, kowa da labarinsa, zanen irin na tsofaffin wasanni ne da aka ƙawata da haske, ba shi da nauyi, yana kan Switch da PS4. Yaya ya zaɓi Partitio, ɗan kasuwar da ya tashi a garin ma'adini da talauci ya faɗa wa, ya fita duniya da niyyar kawar da talauci ta hanyar ciniki.

Gardamar da ta fi zafi a 'yan kwanakin nan a kan Clair Obscur: Expedition 33 ce. Tela ya ce ba na Japan ba ne, don haka ba ya cikin zancen. Gaskiya ne a Faransa aka yi shi, a birnin Montpellier, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Sandfall Interactive ƙarƙashin Guillaume Broche, ya fito a Afrilun 2025. Amma Broche da kansa bai ɓoye cewa wasannin Final Fantasy ne suka rene shi ba, kuma ƙirar wasan ta Japan ce tun daga tushe. Kowace shekara wata mai zane tana rubuta lamba a jikin wani dogon dutse, duk wanda shekarunsa suka kai lambar sai ya ɓace, lambar kuma raguwa take yi. Ta sauko 33. Waɗanda shekara ɗaya ta rage musu su ne ke shiga jirgin ruwa su tafi neman kashe ta, kuma babu ayarin da ya taɓa dawowa. Faɗan bi-da-bi ne, amma in abokin gaba ya kawo duka kana iya kaucewa ko ka tare, in ka danna a daidai lokacin. Nan ne yaran ƙwallo suka yi mana amfani: mu mu tsara dabara, in bos ya ɗaga hannu mu miƙa wa yaro mai saurin yatsa ya tare. Biyu daga cikinsu ta wannan ƙofar suka shigo majalisa, har yanzu suna nan. Labarin bai wuce awa talatin da 'yan kai ba, shi ya ci kyautar wasan shekara a The Game Awards na 2025, amma ba ya kan PS4, sai PS5 da sabuwar Xbox da kwamfuta.

Ni kuwa in aka tambaye ni, Metaphor: ReFantazio nake cewa, kuma ba na jin akwai wanda ya zauna da majalisarmu kamarsa. Mutanen da suka yi Persona 5 ne suka yi shi, Katsura Hashino a shugabanci, Shigenori Soejima a zane, Shoji Meguro a kiɗa, ya fito a Oktoban 2024. An kashe sarkin ƙasar Euchronia a kan gadonsa, ɗansa yana kwance da tsinuwa, jama'a sun ɗauka ya mutu. Ranar jana'iza sai fuskar sarkin ta bayyana a sama, ƙatuwa, ta yi shela cewa duk wanda ya fi samun amincewar jama'a zuwa ranar da aka sa shi ne zai hau gadon, ko wane ne shi. Sai ga kowa ya fito takara: Louis, sojan da ya kashe sarkin kuma bai musa ba, da Forden shugaban addinin ƙasar, da masu kuɗi, da mayaudara, da masu gaskiya marasa goyon baya. Ƙasar ƙabilu ce, wasu a sama wasu a ƙasa, jaruminmu kuma ɗan ƙabilar elda ne, wadda kowa ke ƙyama, har a kasuwa ana masa kallon najasa.

Abin da ya riƙe mu shi ne Louis ba wawa ba ne. Yana cewa a daina duba ƙabila da gidan da aka haifi mutum, a duba ƙarfinsa da iyawarsa, kuma waɗanda aka daɗe ana takawa da yawa sun bi shi saboda wannan magana. Mai adaidaita ya ce shi da yana ƙasar da Louis zai zaɓa. Malam ya ce masa, "Ɗan uwa, to tsoho da gurgu da maraya fa, ina matsayinsu a ƙasar da ƙarfi kaɗai ke magana?" Wannan tambayar ita wasan yake bi har ƙarshe, kuma mun fi mako muna juya ta. Akwai Heismay, tsohon jarumi daga wata ƙabilar da aka raina, wanda ya rasa ɗansa yana yawo da tokarsa bai sami inda zai binne ta ba; ba mu da wanda bai yi shiru ba a labarinsa. Kalandar Persona tana nan, tafiya daga gari zuwa gari tana cin kwanaki, don haka sai an lissafa. A faɗa, in ka gano raunin abokin gaba ka doke shi a nan, za a ƙara maka dama, in ka kuskure a rage maka, abin da ke sa kowa a bencin ya buɗe ido. Ƙananan dodanni kuma kana share su a fili ba tare da ɓata lokaci ba. Babu neman 'yan mata a cikinsa, don haka ko dattijo ya zauna ba ma jin nauyi. Ya ci kyaututtuka uku a bikin The Game Awards na 2024, na labari da na zane da na gwanin wannan rukuni, kuma yana kan PS4.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa duk mai shigowa. Marubutan Japan suna ɗebo sunayen alloli da mala'iku da aljanu daga addinai daban-daban su zuba a wasa ba tare da jin komai ba. A Metaphor addinin ƙirƙirarre ne na cikin labari, ko da yake muryar da ke rera kiɗan faɗa ta wani limamin addinin Buddha ce. Shin Megami Tensei V kuwa ya shiga maganar mala'iku da halittar duniya kai tsaye, Yaya ya ce ba a shagonsa ba, kuma babu wanda ya ja da shi. Kowa ya duba abin da zai sa a gaban idonsa da na ƙannensa.

Babu ko ɗaya a cikin wasannin nan da ke da Hausa, don haka majalisar da ba ta da mai Turanci za ta sha wuya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su duba saitin harshe, yawancinsu suna da rubutun Faransanci, Clair Obscur ma har da murya. Faifai na hannu ya wadatar, mu ma karo-karo muke yi mu saya, in an gama ya zaga gida-gida. Kafin ka kashe kuɗinka, Dragon Quest XI S da Octopath Traveler II da Metaphor duk suna da gwaji na kyauta da ake saukewa, kuma inda ka tsaya a gwajin daga nan za ka ci gaba in ka sayi cikakken. Kai mai PS4, sauke na Metaphor, ka nemi mai karanta Turanci da mutum biyu masu son gardama su zauna kusa da kai, kuma ka riƙa yin sebin duk inda aka ba ka dama.